Bayan tiyatar rage ƙiba: abin da zai sauya a cinki, shanki da jikinki

Tambaya: Likita, shekaruna 36, nauyina kilo 132, tsawona mita 1.63. Ina da ciwon sukari da hawan jini, gwiwoyina kuma sun hana ni sakat. An ba ni shawarar a yi mini tiyatar rage tumbi, kuma maigidana yana shirin kai ni Masar. Me zan tarar bayan aikin? Zan koma cin tuwo? Zan iya azumi? Ina son ƙarin haihuwa. Sannan da gaske ne ƙibar tana dawowa?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Mu fara da lissafin jikinki. Idan aka ninka tsawonki da kansa, aka raba nauyinki da abin da ya fito, za a sami kusan 50. Wannan shi ne ma'aunin BMI. Daga 1991 ƙa'idar da likitoci suka bi ita ce a yi tiyata ga wanda BMI ɗinsa ya kai 40, ko wanda ya kai 35 in yana da ciwo irin sukari ko hawan jini. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sauko da ita zuwa 35, har ma 30 ga mai ciwon sukari. Don haka wanda ya ba ki shawarar bai yi gaggawa ba. Amfanin aikin ma tabbatacce ne: wani bincike da aka fara a Suwidin a 1987 ya bi mutum sama da 4,000 shekara da shekaru, kuma sakamakon da aka fitar a 2007 ya nuna mace-mace ta ragu da kimanin kashi 29 cikin ɗari a wajen waɗanda aka yi wa aikin.

Ranar aikin ba ita ce abin fargaba mafi girma ba. A hannun ƙwararru, waɗanda ke rasuwa sanadinsa ba su wuce mutum ɗaya zuwa uku cikin dubu ba. Abin da ya fi cutar da mutanenmu yana zuwa ne daga baya: a yi aiki a Masar ko Indiya ko Turkiyya, a dawo gida, babu likitan da ke bibiya, bitamin ya ƙare ba a sake saya ba, amai ya kama a tafi kemis. Kusan duk ɓarnar da ke biyo bayan wannan tiyata ana iya kauce mata, kuma a kanta zan fi tsayawa.

Aiki biyu ne suka fi yawa. Na farko shi ne silib: a yanke kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi a fitar da shi gaba ɗaya, a bar wani siririn bututu mai siffar ayaba wanda ke ɗaukar mililita 100 zuwa 150. Ɓangaren da aka cire shi ne ke samar da yawancin sinadarin da ke tayar da yunwa, shi ya sa watannin farko za ki iya wuni ba ki tuna da abinci ba. Na biyu shi ne baifas: a ware ɗan aljihu a saman tumbi mai ɗaukar kamar mililita 30, a jona shi kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. Baifas ya fi ƙarfi a kan ciwon sukari, kuma yana maganin ƙwannafi, amma ya fi jawo ƙarancin sinadarai. Silib ya fi sauƙin yi, sai dai yana iya haifar da ƙwannafi ko ya tsananta shi. In kina fama da ƙwannafi tun yanzu, ki faɗa wa likitan, ki kuma nemi a leƙa cikinki da kyamara kafin a yanke shawarar wanda za a yi, a duba har da ƙwayar cutar gyambon ciki a kashe ta tukuna.

Game da yawan abin da za ki rage: yawanci kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na nauyin jiki ne da silib, baifas kuma ya ɗan fi haka. A wajenki wannan kilo 33 zuwa 40 ke nan, wato ki tsaya tsakanin 92 da 99, ko ƙasa kaɗan. Ba za ki koma jikin 'yammatanci ba, kuma gara ki san haka tun yanzu. Amma kilo 35 da aka sauke wa gwiwa da zuciya ba ƙaramin abu ba ne. Saukar tana da sauri a wata shida na farko, ta lafa, ta tsaya tsakanin wata 12 da 18. Wajen mako na uku sikeli kan tsaya cak na 'yan kwanaki. Ruwan jiki ne ke daidaita, ba aikin ne ya lalace ba.

Makonnin farko

Kada a sayi tikitin dawowa na kwana uku bayan aiki. Ki nemi zama kusa da asibitin kwana 10 zuwa 14, domin a wannan tsakanin ne manyan haɗura biyu suka fi aukuwa. Na farko yoyon ɗinki: layin da aka ɗinke tumbi ya buɗe, ruwan ciki ya zuba inda bai kamata ba. Yana samun kamar mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari. Alamarsa ta farko sau da yawa ba ciwo ba ce, bugun zuciya ne da ya haura 120 a minti ɗaya ya ƙi sauka, sai zazzaɓi, numfashi sama-sama, ciwon kafaɗar hagu, da jin cewa wani abu ba daidai ba. Duk wanda ya ga haka bayan wannan aiki kada ya ce zazzaɓin cizon sauro ne ya sha magani ya kwanta. Asibitin da ke da likitan tiyata za a nufa a daren. Na biyu daskarewar jini a jijiyar ƙafa, wanda kan ɓalle ya toshe huhu. Rigakafinsa tafiya tun ranar aikin, safar matse ƙafa, da allurar tsinka jini da za a ba ki na wasu kwanaki. A cikin jirgi ki riƙa tashi kina takawa duk bayan awa ɗaya. Kumburin ƙafa ɗaya, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi ba a jira da su gari ya waye.

Har mako huɗu zuwa shida ba ɗaukar abin da ya wuce kilo 5: ba bokitin ruwa, ba daka, ba goyo. Sallah a zaune ya halatta har sai ruku'u da sujada sun daina jan ciki.

Abinci mataki-mataki ne, domin ɗinkin na buƙatar kamar mako shida ya warke. Kwana ɗaya ko biyu na farko ruwa tsarara da romo da aka tace. Daga nan zuwa ƙarshen mako na biyu abin sha mai ɗan kauri: madara, kindirmo marar sukari da aka tsinka, romon kaza ko kifi, kunu tsararo da aka zuba wa madarar gari. Mako na uku da na huɗu abin da aka markaɗa ya yi laushi lilis: wake da aka cire wa ɓawo, kifi, dafaffen ƙwai, kabewa. Mako na biyar da na shida abin da cokali ke iya murƙushewa, irin alale mai taushi, awara dafaffiya ba soyayya ba, niƙaƙƙen nama cikin miya. Bayan nan sai a shigo da abincin yau da kullum ɗaya bayan ɗaya. Asibitoci sun ɗan bambanta a ƙidayar makonnin, ki bi takardar da naki ya ba ki. Wanda ya tsallake mataki saboda yana jin garau yana wasa ne da ɗinkinsa.

Ruwa shi ne abin da ya fi mayar da mutane asibiti a watan farko. Kina buƙatar aƙalla lita ɗaya da rabi a rana, kusan leda uku ta fiya wata, amma ba za ki iya kwankwaɗa ba. Kurɓa ne kaɗan-kaɗan tun asuba har dare, kamar rabin ƙaramin kofi a kowace rabin awa. A zafin Afrilu da Mayu na Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, lita biyu ma ba ta yi yawa ba. Ki duba fitsarinki: in ya yi ja ya ragu, ga jiri da ciwon kai, kin yi baya. Kada ki haɗa ci da sha. Ki dakata da ruwa kafin cin abinci, ki kuma jira minti 30 bayan kin gama, domin ruwa a kan abinci ko dai ya cika ɗan tumbin ki amayar, ko ya wanke abincin ya wuce da wuri yunwa ta dawo. Lemon kwalba da duk abin sha mai gas ki yi bankwana da su.

Abu na biyu furotin, wato sinadarin gina jiki. Jikin da ke ramewa da sauri, in bai sami furotin ba, tsokarsa yake ci. Ana son gram 60 zuwa 80 a rana. Ƙwai ɗaya gram 6 ne, kofin madara ko kindirmo gram 8, kifi gram 100 yana ba da kamar 20, tsokar kaza gram 100 kamar 30, dafaffen wake gram 100 kamar 8. Ƙwai biyu da safe, kindirmo da hantsi, kifi da rana, alale da la'asar, 'yar kaza da dare, kin kai. A watanni biyu na farko da wuya ciki ya ɗauki wannan duka, shi ya sa ake cikawa da garin furotin ko madarar gari da aka cire wa mai. Ki lura, yawancin madarar gari da ake aunawa a kasuwa an cakuɗa ta da man ganye, furotin ɗinta bai kai na ainihin madara ba. Nonon shanu kuma sai wanda aka tafasa. Ƙa'idar kowane zama ita ce a fara da nama ko kifi ko ƙwai, sai ganye, in wuri ya rage sannan hatsi.

Yanzu tuwo. Za ki ci, amma ba kamar da ba, kuma ba kafin wata biyu ko uku ba. Matsalar tuwo ita ce mu ba tauna shi muke yi ba, haɗiyewa muke yi, miyar kuka ko kuɓewa ta raka shi. Loma irin ta da za ta iya tsaya miki a ƙirji, ki yi ta zubar da yawu mai kumfa har sai kin amayar. Lomarki yanzu kamar kan babban yatsa ce, mai laushi, a dagargaza ta a baki. Loma uku ko huɗu bayan kin ci naman miyar, shi ke nan. Burodi sabon gashi, shinkafa, taliya, gurasa da sakwara su ma suna cunkushewa. Kilishi, tsire da ya bushe da nama mai jijiya suna wahalar wucewa; dambun nama da farfesu sun fi sauƙi. Zaren mangwaro, ɓawon cikin lemo, rake da goruba kan taru su dunƙule a ciki, a yi hattara da su. Kowane cin abinci ya ɗauki minti 20 zuwa 30 da ƙaramin cokali. Da farko cokali biyu zuwa huɗu ne zai cika ki, bayan shekara kamar kofi ɗaya. Ƙoshi ba zai zo miki yadda kika saba ba: nauyi ne a ƙasan ƙirji, ko shaƙuwa, ko gyatsa, wasu ma hanci ne ke zuba. Da kin ji ɗaya ki ajiye cokali. Kuma ki daina sa hannu a kwano ɗaya da jama'a, domin a nan ba ki san adadin da kika ci ba, saurin wasu kuma zai ja ki. Ki ɗebi naki a ɗan faranti.

Zaƙi yana da nasa hukuncin, musamman bayan baifas. In abu mai sukari ya faɗa hanji kai tsaye, cikin minti 10 zuwa 30 sai gumi, bugun zuciya, murɗar ciki, gudawa da jiri. Akwai kuma wanda ke zuwa bayan awa ɗaya zuwa uku: jiki ya saki insulin da yawa, sukarin jini ya faɗi, a ji karkarwa da ruɗewa, wani har ya suma. In hakan ta faru a sha ɗan abu mai zaƙi kaɗan, sannan a bi shi da ƙwai ko gyaɗa, amma maganin gaskiya shi ne barin abin da ya jawo shi. Fura mai sukari, kunun zaƙi, zoɓo, shayi mai kauri da lemon malt su ne kan gaba.

Abin da ba a wasa da shi

Bitamin har ƙarshen rayuwa ne, ko silib aka yi ko baifas. Dalili shi ne abincin ya ragu, ruwan tsamin tumbi da ke narkar da sinadarin ƙarfe ya ragu, sinadarin da tumbi ke samarwa don tsotse bitamin B12 ya ragu, a baifas kuma an tsallake farkon hanji inda ake tsotse ƙarfe da kalsiyam. Abin da aka saba bayarwa: cikakkiyar ƙwayar bitamin da ma'adinai kullum, sinadarin ƙarfe miligiram 45 zuwa 60 ga mace mai al'ada, kalsiyam miligiram 1,200 zuwa 1,500 a rana, a raba shi kashi biyu ko uku domin jiki ba ya tsotse fiye da 500 zuwa 600 a lokaci ɗaya, kuma nau'in citrate ya fi carbonate shiga jiki in tsamin tumbi ya yi ƙasa, bitamin D ma'aunin IU 3,000, B12 ko dai ƙwaya kullum ko allurar miligiram ɗaya duk wata ɗaya zuwa uku, da folik asid. A bar awa biyu tsakanin ƙarfe da kalsiyam, kuma kada a sha ƙarfe da shayi, yana hana shi shiga. Haɗarin shi ne ƙarancin ba ya nuna kansa da wuri. Hanta na iya riƙe B12 na shekaru, mutum ya daina sha ya ga ba abin da ya same shi, sai a shekara ta uku tafin ƙafa ya fara mutuwa, mantuwa ta shigo, tafiya ta rikice. Wani lahanin jijiya ba ya komawa.

Bitamin B1 kuwa ba ya jira. Ajiyarsa a jiki ta mako biyu ce zuwa uku. Wanda ke amai kullum bayan wannan aiki zai iya ƙarar da ita, ƙwaƙwalwa ta taɓu: ruɗewa, gani biyu-biyu, rawar ido, tangaɗi, raunin ƙafafu. Ga inda al'adarmu ke jefa mutane cikin masifa: mai amai ya galabaita, a kira ma'aikacin unguwa ya ɗaura masa ƙarin ruwa mai sukari. Sukari yana ƙone ɗan B1 da ya rage, ciwon ya afka cikin awoyi. Ki rubuta wannan ki ba maigidanki: duk ranar da za a yi miki ƙarin ruwa saboda amai, a fara ba ki allurar bitamin B1 kafin ruwan gulukos. Aman da ya wuce kwana biyu ko uku ba a zama da shi a gida. Yana iya zama hanyar ce ta tsuke ko ta murɗe, kuma sau da yawa ana buɗe ta ta hanyar kyamara ba sai an sake yanka ba.

Magungunan ciwon jiki irin ibuprofen, diclofenac, piroxicam da garin ciwon kai mai asfirin su ne ke haƙa gyambo a wurin da aka jona tumbi da hanji, gyambon ya yi jini ko ya huje. Bayan baifas an hana su har abada, bayan silib ma sai da izinin likita. Mai ciwon gwiwa irinki ta saba da su, don haka ki kwashe su daga ɗaki. Paracetamol shi ne naki. Haɗe-haɗen ƙwayoyi da kemis ke ƙullawa a leda ba suna, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, ki bar su. Taba da shisha ma gyambon suke kawowa. Za a ba ki maganin rage tsamin ciki irin omeprazole na wata uku zuwa shida. Likitoci da yawa suna ƙarawa da ursodeoxycholic acid miligiram 300 sau biyu a rana na wata shida, domin saurin rama na haifar da duwatsu a matsarmama ga kusan mutum ɗaya cikin uku, ko da yake ba duka ne ke jin ciwo ba. Ciwo mai tsanani a saman ciki ta dama bayan cin maiƙo alamarsu ce. Bayan baifas kuma, ciwon ciki mai murɗawa da ke zuwa yana tafiya, ko da bayan shekara biyar ne, yana iya zama hanji ne ya shige wani rami ya shaƙe. Wannan na likitan tiyata ne da gaggawa.

Magungunanki na sukari da hawan jini za su sauya tun kafin ki bar asibiti. Sukari kan sauka cikin kwanaki, tun ba a ga rama ba, don haka insulin da ƙwayoyi irin glibenclamide in ba a rage su ba za su kayar da ke. Ki riƙa aunawa sau biyu zuwa huɗu a rana a makonnin farko. Maganin hawan jini mai sa fitsari yawanci ana dakatar da shi. Masu yawa suna rabuwa da maganin sukari gaba ɗaya, musamman wanda ciwon bai daɗe a jikinsa ba kuma bai kai ga insulin ba, amma lafawa ce, yana iya dawowa, don haka gwajin shekara-shekara da duba ido ba su faɗi ba. In zazzaɓin cizon sauro ya kama ki, maganin artemether da lumefantrine yana buƙatar ɗan maiƙo kafin ya shiga jiki, ki sha shi da madara. In kina amayar da shi a koma allura.

Tsakanin wata na uku da na shida gashi zai zube, wani lokaci har ya tsorata ki. Firgitar da jiki ya yi ce, kuma yana dawowa. A sassauta kitso, a dakata da man shafawa mai miƙar da gashi, a tabbatar furotin da ƙarfe sun isa. Za ki riƙa jin sanyi fiye da da. Bayan gida zai yi tauri saboda ƙarancin abinci da ƙwayar ƙarfe. Ruwa, ganye, kuɓewa da tafiya suna taimakawa. Fata za ta saki a ciki, damtse, cinya da ƙirji, kuma babu man da ke mayar da ita. A ƙasa mai zafi, lanƙwasar fatar kan jiƙe ta yi ƙaiƙayi da wari, sai a wanke a busar sosai a shafa maganin ƙaiƙayin fata mai kashe fungus in ta yi ja. Tiyatar cire fata ba a yinta sai nauyi ya tsaya wuri ɗaya, bayan wata 18 ko fiye. Motsa jiki kuwa, tafiyar minti 150 a mako ce mafari, a ƙara a hankali, tare da ɗaga ɗan nauyi sau biyu ko uku a mako don tsoka ta tsaya. Robar ruwa cike da yashi ta isa a tsakar gida.

Haihuwa. Rama tana dawo da al'ada da ƙwai cikin gaggawa, har matan da suka shekara goma ba ciki kan wayi gari da shi a wata na huɗu. Wannan lokacin bai dace ba, domin jiki na cikin yunwa, jaririn na iya fitowa ƙarami. A jira wata 12 zuwa 18, har nauyi ya tsaya. Ki tattauna da maigida tun yanzu a kan tazara. Ƙwayoyin sha ba abin dogaro ba ne bayan baifas domin ba sa shiga jiki yadda ya kamata, masu sinadarin estrogen kuma ana dakatar da su mako huɗu kafin aiki saboda daskarewar jini. Ashanar hannu ko robar mahaifa sun fi. In lokaci ya yi, a gwada jini kafin ɗaukar ciki, a ƙara folik asid, a sake gwaji duk wata uku. Ki faɗa wa masu awo an yi miki wannan aiki, kada a ba ki ruwan sukarin nan na gwajin mako 24 zuwa 28 in baifas ne. A maimakonsa a auna sukari a gida na mako ɗaya. Bayan an kiyaye wannan, cikin ya fi wanda za ki yi da kilo 132 aminci nesa ba kusa ba.

Azumi. Shawarar yawancin likitocin fannin ita ce kada a yi azumi a wata shida zuwa goma sha biyu na farko. Lissafi ne kawai: tsakanin magariba da asuba awa goma ne ko sha ɗaya, a ciki za ki yi barci, kuma a ciki ake so ki shigar da lita ɗaya da rabi, gram 60 na furotin da ƙwayoyi kashi uku ko huɗu, ba tare da haɗa ci da sha ba. Sabon tumbi ba zai iya ba. Allah ya yi wa majinyaci rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185, sai ki rama daga baya. Ki tuntuɓi malaminki da bayanin likita a hannu. In za a iya, a sa ranar aikin jim kaɗan bayan ƙaramar sallah, ki sami kusan shekara kafin wani azumin. Idan kin fara, ki buɗe baki da ruwa kurɓi-kurɓi da dabino ɗaya, ki yi sallah, sannan ki ci furotin a hankali. Kunu mai sukari da ƙosai da soyayyen dankali a kan tumbin da ya wuni babu komai su ne ke kawo amai da jiri. Abincin dare kaɗan bayan asham, ruwa a tsakani, sahur a jinkirta shi da ƙwai, wake ko kindirmo. In sukarin jini ya sauka ƙasa da 70 mg/dL, ko jiri, amai ko ciwon ciki ya zo, a karya.

Akwai kuma abin da ba ya fitowa a gwajin jini. A wajenmu ƙiba alamar hutu ce, rama kuma alamar ciwo ko ɓacin rai. Za a tambaye ki ko lafiya, za a zargi maigida, a gidan biki za a ce kin raina abincin mutane. Wata ma za ta kawo miki sha ka fashe da kyakkyawar niyya. Ƙwayoyin nan akwai sitiroyid a cikinsu, suna tayar da sukari suna huda ciki, kada ki kusance su. Ki shirya amsa gajera, ki zaɓi mutum biyu ko uku da za su san gaskiya su tsaya miki. Wanda abinci ne mafakarsa in ransa ya ɓaci, bayan aiki zai ga an rufe masa wannan ƙofar, shi ya sa wasu ke faɗawa baƙin ciki mai tsanani, wasu su koma maganin tari mai kodin, tiramadol ko giya, wadda ke bugarwa da sauri fiye da da. In kin ga barci ya ƙaurace, kuka ba dalili, ko tunanin cutar da kai, wannan ciwo ne da ke da magani, a ga likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jin kunya ba.

Ƙiba tana dawowa? Kaɗan daga ciki, a wajen kusan kowa: daga shekara ta biyu ana ƙara wasu kilo a kan mafi ƙarancin da aka kai, kuma wannan ba faɗuwa ba ce. Kamar mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar ne ke mayar da mai yawa. Ba kasafai buɗewar tumbi ce sanadi ba. Sanadin da ya fi yawa shi ne tsince-tsince, cincin nan, biskit can, gyaɗa a hannu duk wuni, da abin sha mai zaƙi da ke wucewa ba tare da ya cika ciki ba. Ki auna kanki sau ɗaya a mako. In kin ga kilo uku zuwa biyar sun hau, lokacin komawa wajen likita da masanin abinci ke nan, ba sai sun kai ashirin ba. Yanzu akwai allurai irin semaglutide da tirzepatide da ke taimakawa bayan tiyata, kuma ana iya mayar da silib ya zama baifas in ƙwannafi ko nauyi ya ƙi jin magani.

Kafin ku biya kuɗin jirgi, ku zauna ku lissafa kuɗin bitamin na kowane wata da na gwajin jini, ku kuma sami likita a gida, a asibitin koyarwa ko wani babban asibiti, wanda ya amince zai riƙa ganinki. In wannan ba zai samu ba, a ɗaga tafiyar har ya samu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ganin likita yana kasancewa ne a mako na biyu, wata ɗaya, uku, shida, goma sha biyu, sannan duk shekara. Gwaje-gwajen su ne yawan jini, ajiyar ƙarfe, B12, folik asid, bitamin D, kalsiyam, aikin hanta da ƙoda, da matsakaicin sukari na wata uku. Bayan baifas a ƙara zinc, copper da bitamin A. Ki dawo da cikakken rahoton aikin da Turanci, mai nuna irin tiyatar da aka yi da tsawon hanjin da aka tsallake, da lambar da za a sami likitan da ya yi ta. Ki kuma ajiye ɗan kati a jaka mai ɗauke da sunan aikin da shekararsa, da gargaɗi uku ga duk ma'aikacin lafiyar da zai karɓe ki cikin gaggawa: ba maganin ciwo irin diclofenac, a ba da B1 kafin gulukos, kuma kada a zura robar hanci zuwa ciki sai da sanin likitan tiyata.